Akwatin Gem na Ɗakin Yaya

Ranar Talata ce, gari ya tashi da hadari baƙi ƙirin amma ruwan ya ƙi sauka, sai zufa ake ta sharcewa. A ranar ne Auta ya naɗe akwatin gem na yayansa, wanda suke buga wasan ƙwallo da shi a talabijin, a tsohon zanen gado, ya rungume shi ya nufi layin masu gyaran kwamfuta. Da izinin mai shi ya ɗauka, kuma wannan izinin ne ya fi cin ransa daga baya.

Yaya mai walda ne. Daga saman wani gini ya faɗo suna ɗaura ƙarfen rufi, tun ranar ƙafafunsa ba su sake jin ko tsinin allura ba. Likita ya ce a riƙa tayar da shi zaune kullum, in ba haka ba kwanciya za ta cinye masa baya. To amma Yaya ba ya tashi don likita ya faɗa. Ƙwallo kaɗai ke tayar da shi. Abokan aikinsa ne suka haɗa hannu suka saya masa akwatin, da hannuwan gem guda huɗu. Da yamma ta yi Tela zai ja ƙofar shagonsa, Direba ya ajiye tasi a bakin layi, su shigo suna tuɓe takalma. Yaya kuwa tun kafin su yi sallama ya riga ya ce, "Auta, zo ka jingina ni, ga abincina nan ya kawo kansa."

"Wa ye abincin naka?" in ji Direba. "Bar kuri, gurgu. Tausayinka nake ji shi ya sa nake bar maka."

"To yau ma ka ji tausayin. Ga ƙwallo uku nan, ka ɗauke su kyauta ka sauke su a ƙofar gidanku."

Babu mai ce wa Yaya gurgu ya wanye lafiya da Inna, sai a wannan ɗaki, a kan wannan wasa. Gasa ce suka kafa a cikin akwatin, kaka na bin kaka, kuma Yaya ne a sama. Ko an ɗauke wuta wasa ba ya tsayawa. Akwai batir ɗin mota a ƙarƙashin gado da 'yar inbata mai juya shi zuwa wutar gida, suna riƙe akwatin da talabijin har a tashi.

Auta dai ba ya zama wuri ɗaya. Ya taɓa kanikanci, ya taɓa aski, ya taɓa tallan caja, ko ɗaya bai kai ya iya ba. Inna kan ce kamar an zuba masa ƙaiƙayi a wando. A yawon nasa ya saba da shagon wani da ake kira Injiniya, inda wata kwamfuta ke zaune a kan kantar shagon, gefenta gilashi, fankokin cikinta na juyi da fitilu ja da shuɗi.

"Wannan naku ai kayan yara ne," in ji Injiniya. "Akwati ne a rufe, yadda aka haife shi haka zai mutu. Kwamfuta kuwa tare kuke girma. Yau ka canza katin hoto, gobe ka ƙara mata ƙwaƙwalwa. Dubi ciyawar filin nan, kana iya ƙirga ta. Da wannan ake shiga gasar duniya, da ita ake nuna wasa mutane na kallo ana biyanka. Kai da hannunka yake da kyau haka, za ka ƙare a cin Direba?"

Auta ya kwaso maganar nan ɗungurungum ya juye wa Yaya, har da ƙirga ciyawa.

"Ni ban taɓa shiga fili don ƙirga ciyawa ba," in ji Yaya. "Wannan ka danna ya tashi, mutum huɗu su zauna. Waccan fa, mutum nawa take ɗauka?"

"Yaya, komai tana yi. Har abin da wannan ba ya yi."

"Na ji. Mutum nawa?"

Auta ya yi ta zuba kamar kanya, kwana da kwanaki. Yaya yana kallonsa, ya ga karon farko ke nan da yaron ya riƙe magana ɗaya har ta kwana a bakinsa. Rannan ya ce, "In kana ganin ita ce za ta zaunar da kai, ɗauka. Ni na riga na zauna. Kai ne da sauran tafiya."

Injiniya ya juya akwatin, ya taɓe baki, ya ce bai kai kuɗin kwamfutar ba. Auta ya ɗora hannuwan gem, sai ya ga uku ne, ɗaya ya ɓace masa a ɗaki. Bai kai ba. Ya zaro babbar wayarsa ya ɗora. Nan Injiniya ya ce don dai shi ne.

Da yamma Tela da Direba suka tarar da kwamfuta ta cinye teburin magungunan Yaya, tana walwali. Tela ya zagaya ta yana riƙe da haɓa.

"Auta, wannan ai sai gidan rawa. A ina ake zuba mata mai?"

Aka jingina Yaya, aka jona ta da talabijin. Wasan ƙwallon da Injiniya ya saka ya ce ba zai buɗe ba sai an sabunta shi ta intanet. Auta ya lalubi aljihu, sai a lokacin ya tuna wayar da zai jona da ita tana shagon Injiniya. Aka aro ta Inna. Manyan mutane huɗu suka zuba wa wani siririn layi ido yana jan ciki kamar katantanwa, bai kai rabi ba datar Inna ta ƙare.

"An tashi babu ci," in ji Direba. "Gurgu, yau ka tsira."

Suka yi dariya, har da Yaya. Washegari aka sayo data, layin ya yi nisa, sai aka ɗauke wuta. Auta ya mayar da filogi kan inbata. Ta yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, komai ya mutu. Ya sake kunnawa, ta sake ihu. Kwamfutar ta fi ƙarfin abin da ke ƙarƙashin gado, abin da ko sau ɗaya bai yi tunanin tambaya ba. Bai haƙura ba. Duk ranar da aka ɗauke wuta sai ya gwada, ya kashe talabijin ya kunna, ya cire wannan ya mayar da wancan, har batir ya kumbura ya daina riƙe ko fitilar ɗaki.

Ranar da wasan ya buɗe kuwa, sai aka ga hannun gem ko ɗaya babu. Direba ya gwada kibod, yatsunsa suka sarƙe, ya ce shi da sitiyari ya saba, ba da keken rubutu ba. Yaya ba ya iya sunkuyawa kan tebur. Auta kaɗai ya buga, su suna kallon ƙeyarsa. Ciyawar ta fito tar, kamar yadda aka yi alkawari.

Daga nan zuwan ya fara ja da baya. Tela ya ce ɗinki ya yi masa yawa. Direba kan leƙo daga bakin ƙofa da takalmansa a ƙafa, ya ce, "Ya jiki, Malam?" Malam. Auta ya ji kalmar ta soke shi fiye da yadda gurgu ta taɓa yi. Ba mugunta ba ce ta hana su zama. Da can ba dubiya suke zuwa ba, wasa suke zuwa, yanzu kuma babu abin da ya rage a ɗakin sai dubiya, ita kuwa ba a daɗe ana yinta.

Yaya ya daina cewa a jingina shi. In Auta ya kawo matashi sai ya ce, "Bar shi tukuna." Inna ce ta fara ganin wani jan tabo a ƙugunsa tana goge masa jiki. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi kwamfutar, ta dubi Auta, ta ɗauki kwanon ruwanta ta fita. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Auta bai kai ga shiga gasar kowa ba. Wata safiya aka kawo wuta da ƙarfi, hoton ya tsattsage da layuka kore, wari ya tashi kamar ana ƙona roba. Fitilun dai suna ta juyi abinsu.

"Katin hoton ne ya tafi," in ji Injiniya bayan ya shinshina. "Kayan hannu ba su da garanti, ƙanena. Wutar gidanku ce."

"To ka riƙe ta, ka ba ni akwatinmu."

"Wane akwati? Ai ko kwana bai yi ba. Wani mai wucewa ya saya."

"Gasar Yaya tana ciki."

"Ina sayar da kaya da shirgin wani a ciki ne? Kana juya baya na goge shi fes." Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. "In ka ga dama ka bar min ita in fiffige kayan cikinta, in ba ka na shan ruwa."

Auta ya sungumi kwamfutar ya dawo da ita, don bai san abin da zai ce ba in ya shiga hannu rabbana. A hanya ya biya shagon Tela ya roƙe shi ya zo ko hira ce. Tela ya ce in Allah ya yarda, idonsa a kan allura.

Auta ya tarar da Yaya kwance ya juya wa ƙofa baya, Inna ta manna masa auduga a ƙugu. A hannunsa akwai hannun gem na huɗu, wanda robarsa ta suɗe daidai wurin babban yatsansa. Ashe a ƙarƙashin matashinsa yake tun ranar Talatar nan. Yana ta latsa shi a hankali, ba a jone da komai ba.

"Yaya, in jingina ka?"

"A kan me?"

Auta ya ajiye kwamfutar a bayan ƙofa, ya zauna a ƙasa, karon farko a rayuwarsa da ƙafarsa ba ta ce masa ya tashi ba.

Abin da ya tafi: akwatin gem ɗaya, hannuwa uku, waya ɗaya, batir ɗaya, gasar da Yaya ke kan gaba, baƙi biyu na kowace yamma, da zaman da Yaya ke yi.