Mai Gadin Kaya

Shekara talatin da huɗu Ofelia tana zuwa bakin teku, amma ruwan bai taɓa wuce mata idon sawu ba. Duk hutu haka ake yi: a kafa laima, a jibge mata wayoyi da makullin mota da walat ɗin mijinta Rigoberto a cinya, kowa ya ruga ruwa. Ba wanda ya taɓa naɗa ta mai gadi, kawai an wayi gari ita ce.

Yau ce ranarsu ta ƙarshe a garin Mahahual na bakin teku. Rigoberto ya ɗora gilashin ninƙaya a goshi, bututun shaƙar iska na reto a gefen kunnensa, tumbi ya yi gaba.

"Tsohuwa, ga makulli. Ban da gyangyaɗi."

"Mama, jiya har kunkuru muka gani," in ji 'yarsu Yesenia tana miƙo wayarta. "Zan ba ki labari in mun fito."

"Na ƙoshi da labari. Yau da idona zan gani."

Rigoberto ya tuntsire da dariya. "Kayan fa? Kifi ne zai tsare mana?"

Ko amsa bai jira ba, suka wuce. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ita da ta iya ruwa tun kafin ta iya dama masara, ita ce aka mayar akwati mai numfashi!

A laimar kusa wata mata na shayar da jariri. Ofelia ta roƙe ta famfas ɗaya sabo, ta zuba wayoyi da walat da makulli a ciki, ta naɗe tamau. Ta lakato dafaffen waken da suka zo da shi, ta shafa a bakin naɗin, ta ajiye a kan tawul. Wane ɓarawo ne zai taɓa wannan? Matar ta yi dariya har da ƙwalla, ta ara mata gilashinta.

Da ta sa fuska a ruwa, duniya ta yi tsit. Kifaye rawaya suka dare suka ba ta hanya. Can ƙasa ga kunkuru yana kiwon ciyawa a natse kamar tsohuwar akuya, bai damu da kowa ba. Ofelia ta yi kuka a cikin gilashin, ta kuma ji haushin shekarun da ta bari suka wuce.

Ta fito ta tarar da Rigoberto yana zagaye laima yana huci.

"Ina kika shiga? Ina kayan? Na dawo ba kowa, har wata marar tarbiyya ta yar mana da kashin ɗanta a kan tawul!"

"Ina ka kai shi?"

"Bola mana!" Ya nuna wani ƙaton duro a bayan gidan abinci, inda ake zuba hanjin kifi. Ƙudaje sun yi masa baƙi.

"To, makullinka na ciki. Da walat, da wayoyi."

Yesenia ta dafe kai. Rigoberto ya nuna Ofelia da yatsa.

"Ke kika jawo, ke za ki tono!"

"Ni? Ko tsinke bai taɓa ɓata a hannuna ba, tsoho. Kai ka zubar da hannunka, sai ka tono da hannunka." Ta gyara igiyar gilashin a ƙeya. "In ka samo, ka wanke, ka zauna ka tsare. Ban gama kallo ba."

Ya tsaya yana duban duron, yana duban ta. Ba makulli ba komawa gida, ya kuwa sani. Ya toshe hanci, ya zura hannu har kafaɗa, yana ƙwala mata kira.

Ofelia ba ta ji ba. Kunnuwanta sun riga sun shige ruwa.