Babur a Farashin Burodi

Tun ranar da Hedimasta ya faɗi da babur ɗinsa a kwanar gidan mai, matarsa ta yanke hukunci: ko dai babur ya bar gidan, ko ta kira 'ya'yansu ta faɗa musu ainihin abin da ya samu gwiwar ubansu. Su dai an ce musu santsin banɗaki ne. Hedimasta, wanda ya ƙare aikinsa yana sa 'ya'yan mutane durƙuso saboda ƙarya, ya ce to, a sayar.

Da baki ke nan. A zuci kuwa, da ya rabu da babur ɗin nan gara ya rabu da gwiwar. Tun yana ƙaramin malami ya saye shi sabo fil, a kansa ya kai kowane ɗa nasa makaranta, kuma tun da ya yi ritaya, shi kaɗai ya rage a gidan da ke jin umarninsa, shi ma sai an lallaɓa.

Matar ba baƙuwar gwanjon intanet ba ce, don ta nan take sayar da tsofaffin labule da tukwanen da ta gaji da gani. Ta zaunar da shi a baranda ta yi masa karatu, abin da bai saba ba. Ta ce sirrin gwanjo shi ne a buɗe tayi da kuɗi kaɗan. In ka sa tsada, kowa ya leƙa ya wuce. In ka sa araha, kwaɗayi zai tara maka jama'a, kuma da zarar mutum biyu sun taya, an daina maganar kaya, an koma maganar wa zai janye wa wani.

Hedimasta ya ce to a buɗe da kuɗin burodi ɗaya. Sharaɗinsa kawai shi ne shi zai rubuta bayanin babur da hannunsa. Saurin yardar nan ya isa ya sa ta zargi, amma daɗin an ɗauki shawararta ya rufe mata ido.

Da yamma ya ɗingisa zuwa garejin Bakanike, tsohon abokinsa da ya san cikin babur ɗin fiye da cikin gidansa. Dabarar mai sauƙi ce. Hedimasta zai rubuta bayanin da zai kori kowa, Bakanike zai taya a kuɗin burodi, in an rufe gwanjo bayan mako guda ya ɗauke babur ya ajiye a bayan gareji. Mai shi kuma ya riƙa zuwa duba lafiyar aboki. Bakanike ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce ya yarda, amma kada a kira sunansa ranar da asiri ya tonu.

Bayanin da Hedimasta ya rubuta babu ƙarya ko ɗaya a ciki, zaɓen gaskiya kawai aka yi. Ya ce babur ya tsufa, yana shan mai, yana hayaƙi, birkin baya sai an yi masa magana tun daga nesa, ba ya tashi da sanyin safiya, kuma kwanan nan ya kada mai shi. Ya ɗauki hoton ta gefen da ya ƙuje. Matar ta karanta ta ce ya cika tsantseni, ya ce shi bai iya cin haram ba.

Dabara ta ci. Bakanike ya taya, daga nan kuma shiru. Mutane ɗaruruwa suka leƙa suka wuce. Kwana ya bi kwana, tayi yana nan a kuɗin burodi, matar ta fara jin kunyar karatun da ta yi.

Ya kamata Hedimasta ya yi murna. Ya ma gwada. Sai dai duk sa'ad da ya buɗe wayar ya ga tayi ɗaya tilo, wanda shi ya roƙa a yi, sai murnar ta ƙi zuwa. Ya shirya wa kokawa, ashe babu mai niyyar zuwa fili. Duniya kaf ta ga babur ɗinsa a farashin burodi, ta zaɓi burodin. Abin ya yi masa zafi ƙwarai.

Sai masu tsokaci suka fara. Wani ya rubuta cewa ko kyauta aka ba shi sai an haɗa masa da kuɗin ɗauka. Hedimasta ya haɗiye wannan, don ra'ayi ne. Amma wani ya zo ya ce daga gani fitilar nan jabu ce, tankin ma an sha yi masa walda, injin kuwa tabbas an canza shi. Wannan ba ra'ayi ba ne, kuskure ne, kuma Hedimasta bai taɓa ganin kuskure a rubuce ya wuce shi ba.

Ya sa tabarau ya amsa. Ya ce fitilar ita ce ta asali, ga hoton tambarin kamfani a gindinta. Tankin wuta ba ta taɓa shi ba, ya ciro shi ya haska da tocila ya ɗauki hoton cikinsa. Injin kuma ga lambarsa, a gwada da ta takarda. Mai tsokacin ya ce to agogon gudu fa? Hedimasta ya kawo hoton agogon gudu, ya ƙara da na madubai da murfin gefe, waɗanda ba a ma tambaye shi ba. Ya rufe da cewa a bar yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Ranar ya ci abinci har da ƙari.

Washegari tayi ya motsa. Kafin azahar mutum huɗu suna ture juna, kafin yamma sun fi haka. Bakanike ya bar motar da yake gyara a buɗe ya zo har ƙofar gida, ya ja Hedimasta gefe.

"Hedimasta, kai ka ce in saya maka shi a kuɗin burodi. Yanzu kuma kai ne kake yi masa talla. Wanne zan bi?"

"Ka ci gaba da tayawa. Amma ba zan zauna a kira fitilata jabu ba."

Bakanike ya ci gaba da tayawa har inda kuɗin fanshon Hedimasta zai iya kaiwa ba tare da matar Hedimastan ta lura ba, sannan ya ɗaga hannu. Sauran suka wuce shi kamar yana tsaye. Da aka rufe gwanjon, kuɗin ya kai inda Hedimasta kansa bai taɓa zato ba. Matar ta bi maƙwabta tana ba da labarin amfanin buɗe tayi da araha. Shi ma, duk da zuciyarsa ta karye, sai da ya faɗa wa mai shagon kusa adadin, har sau biyu. Ko ba komai, an san darajar abinsa.

Mai sayen ya zo da ƙaramar motar ɗaukar kaya da akwatin kayan aiki. Mutum ne mai ladabi, ya gaishe su har da rusunawa. Hedimasta ya turo babur waje, ya fara nuna masa yadda ake tada shi: a karkatar da shi hagu kaɗan, a buga sau biyu a hankali, na ukun da ƙarfi. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ai ba sai an tayar ba. Shi kayan gyaran tsofaffin babura yake sayarwa. Ya ce tun farko ya ga tallar ya wuce, sai da ya karanta bayanin Baba na biyu ya gane akwai kayan asali a jiki, irin waɗanda yanzu ko da kuɗi ba a samu.

Nan a ƙofar gida ya durƙusa. Ya kwance fitila ya naɗe ta a tsumma. Ya ciro tanki, da agogon gudu, da madubai, da murfin gefe, yana duba wayarsa yana bin jerin da Hedimasta ya rubuta don kada ya manta wani abu. Injin ne ya ɗan ba shi wahala, har ya nemi a riƙe masa. Hedimasta ya riƙe.

Da ya gama lodi, abin da ya rage shi ne ƙashin ƙarfe, da tayoyi biyu da suka suɗe, da kujera mai faci.

"Baba, wannan na bar maka. Ɗaukarsa ma asara ce."

Motar ta tafi. Matar ta fito ta zagaya abin da aka bari, ta dubi mijinta, wanda hannunsa duk baƙin mai ne kuma ya kasa ɗaga kai. Tausayinsa ya kama ta, ta yi masa iyakar alherin da ta iya.

"Shigo da shi, Malam," ta ce. "Wannan kam ya zauna. Ba zai kada kowa ba."