Man da Ke Cikin Dankali

Tun ranar da Malam Idrisu ya yanke jiki ya faɗi a kan buhunan albasarsa a kasuwar Ogbete, hankalin matarsa Barira bai sake kwanciya ba. Likita ya ce kitse ne ya yi masa yawa a jini, a raba shi da mai. Ka ji fa, mijin mai ƙuli-ƙuli za a raba da mai! Duk Hausawan unguwar Uwani a wurin Barira suke sayen man gyaɗa, ga shi ko ɗigo ba ta isa ta sa wa mijinta ba.

Ta bi maganar likita sau da ƙafa. Ta ɗauke manja, ta ɓoye man shanu, ta koma dafa masa dankalin Hausa da ɗan yaji. Shi kam dankali ta yarda da shi, don ko makaho ya shafa ya san ba maiƙo.

Ana haka sai autarsu Rahama, mai karatun kimiyyar abinci a Fatakwal, ta zo ganin jikin babanta. Ta tarar da shi yana cin dankalinsa kamar mai shan magani.

"Lah, Mama, ai shi muke aunawa a makaranta," in ji ta. "Kin san akwai mai a cikinsa?"

"A cikin wa?"

"Dankali mana. Har gero da wake, har ganyen ugu. Duk tsiro yana da nasa."

Rahama ta faɗi maganarta ta wuce, washegari ta hau mota ta koma. Barira ce aka bari da jangwam. To ita duk kwanakin nan me take ɗura wa bawan Allah? In har ganye ma da mai, me ya rage, ruwa? Ta ɗauki dankali ta fasa, ta goga a zaninta, ba tabo. Ta sansana, ƙasa kawai ta ji. Amma yarinyar nan ba ta ƙarya.

Daga baya ta yanke shawara. In dai mai ne, ai sana'arta ce, za ta fitar da shi kafin ta ba shi. Ta fere dankali kwano guda, ta yanka ƙanana, ta soya a kasko ba mai kamar yadda take wa gyaɗa. Ta daka, ta zauna bakin turmi tana juyawa da muciya, tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Da gyaɗa ce, da tuni mai ya taso, tunkuza ta kwanta. Wannan kuwa sai ƙara danƙo yake yi. Ta ƙara ruwa, ya zama talge. Ta juye a tsumma ta matse har tafin hannunta ya yi ja, abin da ya ɗigo wani farin ruwa ne mai zaƙi.

Nan tsoro ya kama ta da gaske. Man da ya ƙi fitowa a turmi, ta yaya zai fita daga jijiyar mutum?

Azahar ta wuce ba ta ba Malam komai ba. Ta kira Rahama a waya.

"Ke, ya ƙi fita."

"Me ya ƙi fita, Mama?"

"Man dankalin. Tun safe nake juyi."

Rahama ta kwashe da dariya. "Haba Mama, abeg! Ɗan mitsitsi ne fa. Mu ma sai mun busar da shi, mun jiƙa a sinadari kafin mu gani. Kuma jiki yana buƙatar irinsa."

"Yana buƙata? Likita ya ce a bari, ke kin ce yana buƙata. Akwai ne ko babu?"

"Akwai, amma kamar babu."

"Kamar babu ba babu ba ce," in ji Barira. Ta kashe wayar, kanta ya fi da ɗaurewa.

Malam Idrisu ya fito tsakar gida yana dafa bango, yunwa ta ci ƙarfinsa. Ya dubi turmi, ya dubi kasko, ya dubi hannuwan matarsa da suka kumbura.

"Barira, yau azumi aka ɗora mini ne?"

"Malam, ban san abin da zan ba ka ba." Sai hawaye. "Wallahi ban sani ba. Duk abin da na taɓa, an ce akwai."

Ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna gaban turmin, ya yi bisimilla, ya sa hannu ya ɗebo ragowar talgen nan da ko almajiri ba zai yi sha'awa ba.

Ta yi wuf ta riƙe masa hannu. "Ban fitar ba tukuna."

"Na sani," in ji shi. "Sake ni in ci. Ko me ke ciki, ke kika dafa."

Ta sake shi. Ya kai loma baki, ita kuma ta zuba wa maƙogwaronsa ido har ya haɗiye, tana addu'a a ranta, ba ta ma san me take roƙon Allah ya cire ba.