Sadakar Tuwo a Dajin Shenandoah

Ni Wahab ban taɓa zama a ajin boko ba, 'yata Hasiya ce ke rubuta wannan, amma ku tambayi direbobin Agadas wane ne ni. Shekara ashirin da biyu ina jan babbar mota a Sahara. Na yi kwana huɗu ba abin da ya shiga cikina sai ruwan lagireton mota, ban mutu ba. Na zo Bronx a Amurka, sanyi ya gwada ni, shi ma ya haƙura.

Shi ya sa na yi dariya ranar da surukina Faruƙ ya tsayar da wata mota a ƙofar gidanmu a unguwar Morrisania. Gida ne sukutum a kan taya, har da murhu da banɗaki. Wai za mu kai yara gandun dajin Shenandoah.

"Dajin da aka shimfiɗa wa kwalta, Faruƙ?"

"Baba, ka dai zo ka gani."

Na gani kuwa. Duwatsu shuɗi-shuɗi, barewa na kiwo ba ta ko kallon mutum. Jikokina, Zuweira da ƙanenta Hakeem, sai ihu suke. Wata ma'aikaciyar gandun ta tara mu ta yi dogon bayani, Hasiya ta fassara mini: kada a bar abinci a waje, akwai wata dabba mai haɗari wai ita beyar. Na ce wanda ya kwana da kuraye ba a yi masa wa'azin dabba.

Washegari bayan azahar tuwo ya rage. Hasiya ta ce in zuba a wani akwatin shara na ƙarfe mai murfi. Tuwo a shara? A gidan ubana ba a yi. Na faki idonta, na zagaya bayan mota, na juye shi a gindin bishiya, sadaka ga tsuntsaye da tururuwa.

Da la'asar na ɗauki buta na koma can zan yi alwala. Sai ga Zuweira a tsugune tana tsintar ganye. Gabanta, bai fi taku goma ba, wani baƙin abu kamar maraƙi ya sa baki a tuwona. Ya ɗago kai ya dube ta.

Yarinya 'yar shekara tara. Ni na kira mata shi da hannuna.

Na yunƙura in sure ta in ruga. Sai ta kama yatsuna. Yarinyar da kullum in na yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci, ta ce, "Kaka, kada ka gudu."

"Amaryata, to me za mu yi?"

"Baya-baya. A hankali. Matar nan ta faɗa."

Muka riƙa ja da baya. Butar dai ta faɗi. Faruƙ ya hango mu ta taga ya danna hon, Hasiya ta fito tana buga tukunya. Dabbar ta yi huci ta shige kurmi.

Ni da kaina na sa aka kira ma'aikaciyar, na ce a gaya mata ni ne na zuba tuwon. Ta yi mini faɗa son ranta, na tsaya na sha, na kwashe sauran tuwon da hannuna. Hasiya kuwa ƙanƙame 'yarta kawai ta yi. Wannan ya fi faɗan zafi.

Na yi sujada a kan ciyawar nan na daɗe. Allah ya fitar da ni daga Sahara, amma wannan fitarwar ta fi waccan, don ba raina kaɗai ba ne.

Yanzu a masallacinmu kowa ya san na yi ido huɗu da beyar. Jiya ina ba maƙwabcinmu Yussif labarin, Zuweira ta leƙo daga ɗaki.

"Kaka, faɗi wanda ya riƙe hannun wani."

Na faɗa. Hasiya, rubuta shi haka, kada ki rage.