Keken da Ke Ja Hagu

A layin masu gyaran keke da ke bayan kasuwar Umdurman, kowa ya san gwanin gyaran nan, Usta Shitu Ɗantsoho, ba ya iya ganin keke a karkace ya yi shiru. Ko ba a kawo masa ba, ko wucewa kawai mai shi yake yi, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da shi ya ce, "Bawan Allah, ina za ka da wannan abin kunya?" Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya zauna. Shitu kuwa a nan aka haife shi, a nan ya buɗe ido ya ga ƙarfe, kuma shekara arba'in bai yi wata sana'a ba.

In ka ba shi fili a kan maganar ƙarfe, to ka nemi wurin zama. Cewa yake keken ƙarfe yana da haƙuri. In ka faɗa rami sai ya ɗan lanƙwasa ya shanye bugun, ya dawo daidai, kai ko a ƙugunka. Waɗannan na alminiyom da 'yan ci-rani suka fara shigowa da su daga Jidda kuwa, duk tsakuwar da suka taka sai sun kai maka rahoto har ƙashin baya, ranar da suka gaji kuma su tsage ba sallama. Ƙarfe ba ya haka. In ya ji ciwo sai ya karkace ya nuna maka, ka gyara shi ku ci gaba. In kuma ba ka gyara ba, to kai ne za ka karkace ka bi shi. "Keken ƙarfe da mai shi," in ji Shitu, "in suka daɗe sai sun yi kama."

To duk da wannan baki nasa, akwai keke ɗaya karkatacce a shagonsa, baƙi, ƙirar Rali, rataye a can ƙurya. Na ɗansa ne, Muhajir, ɗan fari kuma namiji tilo.

Muhajir yana da shekara sha biyar ya gangaro daga gadar Farin Nilu da gudu, ya daki keken jaki. Shi bai ji komai ba sai ƙujewar gwiwa, amma ƙarafa biyun da ke riƙe tayar gaba suka ɗan kauce. Kaucewar ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, sai dai tun daga ranar keken ya riƙa ja hagu. Uban ya ce a kawo a miƙe. Yaron ya ce gobe. Gobe ta zama wata, wata ya zama shekara. Da Shitu ya matsa, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ka bar mu, mun riga mun fahimci juna." Kuma gaskiya ya faɗa. In yana tuƙi sai ya sauke kafaɗar dama, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron magana ta bayan katanga, keken ya miƙe sak. Tun daga nesa mutanen unguwarsu ta Umbadda suke gane shi. Ɗan mai gyaran keke a kan karkataccen keke, shekara bakwai. Shitu ya sha tsiya a layi a kan wannan, ba kaɗan ba.

A shekarar tis'in da shida, wata safiya tayar baya ta yi faci, Muhajir yana sauri zai haye Khartum karɓar wata takarda. Ya jingina keken a shago ya hau bas. A lokacin ana yin abin da ake kira kasha: sojoji su tare mota, su sauke duk saurayin da bai yi aikin soja na dole ba, su zuba a babbar mota. A bakin gada aka tare tasu. Wasiƙa ɗaya ta zo daga sansanin horo. Bayan wata huɗu wani ya ce ya gan shi a jirgin da ya nufi Kudu, inda ake yaƙi. Daga nan shiru.

Shitu ya liƙe tayar, ya rataye keken. Amma keke in aka ajiye shi mutuwa yake, taya ta tsattsage, kaca ta daskare. Don haka wata Alhamis da la'asar ya sauke shi ya ce bari ya hau zuwa gida, ya dawo da shi ranar Asabar. Bai yi nisa ba ya ji keken yana fizgar sa hagu. Ya yi ta kokawa da shi har ya gaji, sai jikinsa ya nemo mafita da kansa. Yana wucewa ta gefen doguwar katangar wata makaranta ya ga inuwarsa: kafaɗar dama a sauke, kai a karkace. Ya kusa faɗuwa.

Layin gidansu dogo ne, kuma a miƙe. Matarsa Turai tana bakin ƙofa tana zubar da ruwan wanke-wanke lokacin da ya shawo kwana. Ya ga ta miƙe tsaye da kwano a hannu. Ta tsaya tana kallo, tana kallo, sai da ya rage gida biyar ya iso, inda fuska za ta fara fitowa, ta juya ta shige ciki.

Shitu ya gane wanda ta hango. Turai irin matan da ne, ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, sai dai "yaron nan", kuma ko da aka kama shi a gaban mutane ba ta yi kuka ba. Amma Alhamis ta gaba tana bakin ƙofar, wannan karon ba kwano. Ta kalla, ya rage gida biyar, ta shige. Haka suka yi shekara biyu. Shitu ya koyi rage gudu in ya shawo kwanar, don abin ya daɗe mata. Ba wanda ya sani, ko maƙwabta. Abin da ya rage musu na Muhajir ke nan, tafiyar da ba ta fi minti ɗaya ba a mako, kuma duk tana cikin 'yar kaucewar ƙarfen nan.

Ranar wata Lahadi mutum biyu daga hukuma suka yi sallama da takarda, da buhun sukari da kwalin shayi. Suka ce a yi murna, yaro ya yi shahada. Ba gawa, ba kabari, ko takalminsa ba su kawo ba. Sukari kuwa, sai ka ce abin da aka rasa a gidan ke nan. Shitu ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya ce sun gode. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba.

Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka yi zaman makoki kwana uku. Mutane suna zuwa suna ɗaga hannu a yi fatiha, yana ɗagawa. Ana miƙo shayi, yana sha. Abin da kawai yake iya tunawa daga kwanakin nan shi ne ɗaya daga cikin sandunan rumfar a karkace yake, kuma ya yi ta kallon sa.

To, masu gyaran keke na layin nan suna da al'ada, kuma al'ada ce mai kyau, kada wani ya ce ba haka ba. In aka yi wa ɗayansu rasuwa, sauran sukan karɓi makullin shagonsa su yi masa gayya. Duk aikin da ya bari sai sun gama shi, don kada ya dawo da baƙin ciki ya tarar da masu kekuna suna jira. Wanda ya karɓi makullin Shitu shi ne Idirisu, maƙwabcin shagonsa shekara talatin, mutumin da tare suke cin wake da burodi kowane hantsi a kwano ɗaya.

Ranar Alhamis da safe Shitu ya koma. Ya tarar an share shago, an jera kekuna tara a gyare, kowanne da sunan mai shi a ɗaure a birki. Na goma yana tsakiyar shago a tsaye, baƙi, yana sheƙi. An wanke shi, an shafe kaca da mai, an ɗaure wayoyin taya. Tun daga ƙofa idon Shitu ya sauka a kan tayar gaba. Shekara arba'in yana wannan aiki, ba ya bukatar awo.

Idirisu ya shigo yana goge hannu da tsumma, idanunsa jajir.

"Yaya Shitu, wannan ban bar kowa ya taɓa shi ba," in ji shi. "Ni na yi da hannuna. Na san ba za ka iya ba, zuciya ba za ta bar ka ba. Shekara nawa ina ganin sa a rataye a haka yana ci mini rai. Na ce yaron nan ba mu samu mun yi masa wanka ba, ba mu samu mun yi masa sutura ba. To ko kekensa a daidaita masa."

Shitu ya tsuguna gaban tayar.

"Yini guda na yi a kansa," Idirisu ya ci gaba. "A sanyi na miƙe shi, ban sa wuta ba, kaɗan-kaɗan. Ka ɗaura zare ka gani."

Shitu ya ɗauko zare, don ya ga mutumin yana so. Ya ɗaura daga wuyan keken zuwa baya, ya duba dama, ya duba hagu. Daidai wa daida. Bai taɓa ganin Idirisu ya yi aiki mai kyau kamar wannan ba. Da mugunta aka yi masa da ya san abin da zai ce. Amma me za ka ce wa mutumin da ya rufe shagonsa yini guda ya yi maka alheri? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma Shitu ne bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ya yi, Idirisu," in ji shi. "Allah ya saka da alheri."

Idirisu ya rungume shi yana kuka. Shitu ya riƙa bubbuga bayansa, yana kallon bango.

Da azahar layi ya yi tsit, kowa ya tafi masallaci. Shitu ya ja ƙofa, ya cire tayar gaba, ya ɗaure keken, ya zura dogon bututun da yake miƙe ƙarfe da shi. Ƙarfe ne ai, abin da ya miƙu zai lanƙwasu. Ya dafa bututun da hannu biyu. Sai ya tsaya. Nawa zai lanƙwasa? Ta wane gefe ya fi, ƙarfen dama ko na hagu? Shekara tara yana ganin kaucewar nan, kullum da niyyar gyara ta yake kallo, bai taɓa auna ta ba. Ya san yadda ake mayar da karkatacce daidai, domin daidai guda ɗaya ne. Karkata kuwa iri dubu ce, ita wannan kuwa keken jaki ne ya yi ta, da gangaren gada, da gudun yaro ɗan shekara sha biyar. In ya danna, zai samu keke mai ja hagu, amma na wani ne daban. Sannan ya zare bututun ya mayar da taya.

La'asar ta yi. Ya yi tunanin ya bar keken ya hau bas, sai ya tuna Alhamis ce, kuma tana iya fitowa. Ya hau.

Kai, keken ya yi daɗi. Abin takaicin ke nan. Yana shanye ramukan hanyar Umbadda kamar ba ramuka ba, yana tafiya sumul, ko hannu ka saki ba zai kauce ba. Duk abin da Shitu ya shekara arba'in yana yabon ƙarfe da shi, ga shi nan a ƙarƙashinsa. Da ya zo katangar makaranta ya sauke kafaɗar dama da gangan, ya karkata kai. Nan take keken ya bi shi dama, ya nufi kwata. Ya gyara, ya sake gwadawa, ya sake nufar kwata. A da keken ne yake ja, jiki yana amsawa. Yanzu ba abin da zai amsa wa. Inuwar da ke bin katanga ta wani dattijo ce zaune tsaf a kan sirdi.

Ya shawo kwanar layinsu. An kwashe rumfa, saura ramukan sanduna a ƙasa. Turai tana bakin ƙofa cikin farin mayafi. Ya rage gudu kamar yadda ya saba. Gida goma. Gida bakwai. Gida biyar, ba ta motsa ba. Gida uku. Ta tsaya har ya iso gabanta ya sa ƙafa a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara biyu.

Ta dubi keken, ta dubi tayar gaba, ta dube shi.

"An gyara shi," in ji Shitu. "Idirisu ne. Da kyakkyawar niyya."

Ta gyaɗa kai. Ta kai hannu ta shafa kan keken, a wurin da fentin ya goge saboda riƙo, ta janye hannun.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji ta. "Tun daga kwanar layi na gane kai ne."

Ta matsa gefe ta riƙe masa ƙofa, ya shiga da keken.