Alkakin Gara da Muryar Malam

"Buɗe hannunka, Haisam."

"Ba komai, Yaya."

"To buɗe in ga ba komai ɗin."

Bai buɗe ba. Zuma ce ta tona shi, ta biyo tsakanin yatsunsa tana ɗiga. Yayarsa Fiddausi ta tare ƙofar zaure, mayafi a kafaɗa.

Alkaki ne, na garar amaryar Mustapha, maƙwabcinsu a Ƙofar Gayan. Rabon gara ba a mayar da shi. Innarsu ta karɓa, ta sa albarka, ta kife kwano a kai ta ce na baƙi ne.

Fiddausi ta shiga tuna masa. Ranar da aka tsinto shi a gindin dutsen Kufena ba takalmi. Zaman asibiti. Abin da likita ya ce: ya riƙe maganinsa, kuma a gwada raba shi da alkama, don akwai masu jikin da ba ya shiri da wani sinadari na cikinta, ana zaton har ƙwaƙwalwa yakan taɓa. Likitan bai ba da tabbas ba, gwaji ya ce. Aka kori burodi da taliya da finkaso daga gidan. Haisam ya koma samun barci. Bango ya daina numfashi. Kowa ya ce sauƙi ya samu.

Ba wanda ya tambaye shi abin da ya rasa.

Dā, in la'asar ta yi sanyi, mahaifinsu marigayi Malam Nasidi yakan dawo zauren nan. Haisam bai taɓa ganinsa ba, ji yake yi. Gyaran murya, motsin takarda, sai karatu ya malalo a hankali kamar ruwa a indararo bayan an ɗauke sama. Ko barin alkama ne ya kore shi, ko magani ne ya kama, Haisam bai sani ba. Yanzu zauren ba kowa, sai buzu a naɗe da ƙadangare.

"In ka ci, ciwon ya dawo, Kawu ya rantse asibiti zai mai da kai," in ji ta. "Kuma ni ba zan rufa maka ba."

Ya dubi alkakin. Hasken yamma ya shigo ta ƙofa ya kwanta daidai inda Malam ke zama. Ya kasa kunne. Can nesa ana daka, wani babur ya wuce ta lungu.

"Ranar da Malam ya yi shiru," ya ce, "a tsakiyar aya ya tsaya."

Fiddausi ta sauke hannu daga jikin ƙofa. Ta dubi buzun, ta daɗe.

Haisam ya ɗora mata alkakin a tafi. Ya goge yatsunsa a riga, bai lasa ba.

"Yaya, in na warke, ina zai je ya ƙarasa?"