Zobe a Ƙafar Ciriaco

A garin Río Lagartos kowa ya san taurin kan Don Nicanor Cauich, amma matarsa Doña Leonila ce take kwana da shi take tashi da shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ruwa yana kai baƙi kallon tsuntsayen filamingo, sai ga shi shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a ragar lilo. Wannan bai ishe shi ba, ya ƙara da daina cin abinci. A kawo kunun masara ya ture, a kawo romon kifi ya kau da kai. Likita ta zo ta dudduba, ta ce babu abin da ya hana shi ci sai shi kansa.

Dalilin kuwa tsuntsu ne, abin haushi. Duk shekara, idan 'ya'yan filamingo sun tasa amma ba su fara tashi ba, mutanen gari kan fita tare da masu nazarin tsuntsaye a kewaye su a ruwa, a sa wa kowanne zoben roba rawaya mai haruffa a saman ƙafa. Wanda ya riƙe ɗan tsuntsu shi ke sakinsa. Wata shekara can baya Nicanor ya riƙe wani toka-toka mai rigima, ya ɓata masa riga, ya kuma sare shi a haɓa. Nicanor ya yi dariya har da hawaye, ya raɗa masa sunan mahaifinsa, Ciriaco, ya ce shi da wannan ɗan banza tare za su bar duniya. Wasa ya yi, kowa ya yi dariya.

Daga nan ya sayi tsohuwar kyamara mai dogon hanci a hannun wani baƙo. Mutane suna ɗaukar fukafukai da faɗuwar rana, shi ƙafafu yake ɗauka, ya dawo gida ya yi ta duba zobba ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowace shekara sai ya sami Ciriaco, ya wanke hoton ya liƙa a bango. Baƙo in ya shigo ɗakinsu sai ya rasa me zai ce, don babu komai a bangon sai ƙafafun tsuntsu. To, bara ba a ga Ciriaco ba, bana kuma ciwo ya zo. Wasan nan ya daskare a ƙirjin tsoho ya zama gaskiya.

"Ya riga ni," in ji shi, bakinsa yana jan maganar. "Ki daina ɓata masararki."

"Kai ka binne shi?"

"Jikina ya gaya mini."

"Jikin naka da ko cokali ba ya iya riƙewa, shi ne ya zama boka? In na kawo maka hotonsa fa?"

Ya rufe ido, ya ce in ta kawo za su yi magana. Leonila ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta ga ƙasusuwan wuyansa sun fito. Washegari ta bar shi a hannun maƙwabciya, ta rataya kyamarar, ta je ta buga wa ƙaninta Ausencio ƙofa.

Ausencio ma mai kwale-kwale ne, kuma akwai tsohuwar tsama tsakaninsa da surukin nasa. Baƙi suna son hoton filamingo a sama, saboda haka wasu masu jirgi kan matsa kusa su taka inji da ƙarfi, garken ya firgita ya tashi. Nicanor ya tsani wannan ɗabi'a. Ya ce tsuntsun nan wuni yake yana tace laka kafin ya ƙoshi, kowane firgici ƙarfinsa yake ci, in abin ya ishe su kuma barin wurin za su yi gaba ɗaya. Ya taɓa kama Ausencio yana yi, ya zage shi tas a bakin gaɓa a gaban matarsa, suka shekara ba sa gaisawa. Tun daga ranar Ausencio bai sake ba.

"Yaya, tsuntsaye dubbai ne fa," ya ce yana kwance igiya. "Ɗaya za ki nema?"

"Ɗaya ya ishe ni. Tuƙa."

Kwanaki suka yi suna fita. Suna bi ta cikin itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a ruwa, su wuce kada yana shan hantsi da baki a buɗe, su fita fili inda ruwa da sama suke haɗewa har mutum ya rasa wanne ne wanne. Daga nesa Ausencio ke kashe inji ya koma tura jirgin da gora. Da farko wani jan layi ne kawai ake gani a ƙarshen ruwa, sai layin ya fara motsi, ya yi wuyoyi, ya yi ƙafafu, ya zama tsuntsaye masu launin cikin gwanda. Gunaguninsu yana zuwa a hankali kamar hayaniyar kasuwa daga bayan gari. Kawunansu a cikin ruwa, suna juyawa a wuri ɗaya suna taka laka, kowanne da hotonsa a kife cikin ruwa a ƙarƙashinsa. Leonila ta sha zuwa nan tana riƙe wa mijinta jaka, amma ba ta taɓa kallonsu ta cikin gilashin kyamara ba. A cikin gilashin duniya takan ragu ta zama gwiwa guda da ɗigon ruwa yana gangarowa, sai ta manta da zafin rana, ta manta ko ta karya kumallo.

Ta sami zobba, amma ba na Ciriaco ba. Kullum da yamma ta tarar da kwanon kunu yadda ta bar shi, ya yi fata a sama.

Ranar ƙarshe ruwa ya ƙaru saboda ruwan saman da aka yi, tsuntsayen duk sun nutse har ciki, ba ƙafa ko ɗaya a waje. Ausencio ya nuna mata arewa, inda sama ta fara yin baƙi. Ya ce iskar arewa na tafe, in ta sauka za a hana jirage fita na kwanaki, kuma garken nan yamma zai yi, sai wata shekara. Leonila ta ɗaga kyamarar. Idonta na kan wani babba da ke tsaye shi kaɗai a gefen garke, ja sosai, wuyansa ya ɗan kwanta irin na tsofaffi. Da ya ɗaga ƙafa zai taka, ta hango wani abu rawaya ya gifta a ƙarƙashin ruwa ya koma.

Suka jira. Rana ta daidaita a ka, ruwan ya yi lamo, jirgin yana ɗan lilo da ita. Ta tsinci kanta tana tuna Nicanor yana saurayi, tsaye a bayan jirgi da gora, yana ce mata ta yi shiru kada ta tashi mutanen gari. Haka yake kiransu, mutanen gari. Har ta ji kamar in ta waiwaya shi za ta gani. Tsuntsun ya tusa kai cikin fiffike ya yi barcinsa, ko a jikinsa. Iska ta fara kaɗa gefen rigarta.

"Ausencio, taka inji."

Ya dube ta. "Yaya, kin san abin da kika ce?"

"Da bakina na faɗa."

"Mutumin nan ya ci mutuncina a kan wannan. In ya ji, ni zai tsine wa."

"Ya rayu ya tsine maka ɗin. Taka."

Ausencio ya yi alamar gicciye, ya ja igiyar injin. Ƙarar ta tsaga wurin. Wuyoyi dubbai suka miƙe lokaci guda, sai gudu a kan ruwa, ƙafafu suna watsa fari, baƙin ƙarƙashin fukafukai ya bayyana, sama ta cika da ja har inuwarsu ta rufe jirgin. Leonila ta bi tsohon da gilashi, ta danne maɓalli ba ta ɗaga yatsa ba. Ya fi sauran wahalar tashi, ya daɗe yana gudu kafin ruwa ya sake shi. Abin ya yi kyau fiye da duk abin da ta taɓa gani, kuma kunya ta kama ta har cikin ƙashi. Da suka ɓace, ba abin da ya saura sai ruwa mai laka da gashin tsuntsu yana yawo a kai.

Ta duba bayan kyamarar, ta faɗaɗa hoton da yatsa. Ƙafafu biyu a miƙe, zoben rawaya ya koɗe, amma haruffan nan huɗu da ta haddace daga bangon ɗakinta suna nan sarai. Suka juya jirgi suka koma gaɓa.

Ta tarar da Nicanor ido biyu. Ta ɗora masa kyamarar a ƙirji, ta riƙe masa ita. Ya karanta haruffan da leɓɓansa, ya sake karantawa, hawaye ya gangara ta ɓarin fuskar da ba ya motsi.

"Ɗan banza," ya ce a hankali. "Ashe kana nan."

Sai ya sa yatsan hannunsa mai lafiya ya rage hoton, sauran garken ya fito. Ya daɗe yana kallon wuyoyin nan da bakunan a buɗe, da yadda suke haye juna. Mutumin da ya yi rayuwarsa a cikinsu ba ya bukatar a gaya masa bambancin tsuntsun da ya tashi don kansa da wanda aka kora.

"Kun tashe su."

"Ni na tashe su. Ausencio bai so ba, ni na sa shi."

"Ke, Leonila?"

"Ni." Ta ajiye kyamarar, ta ɗauko kwanon kunu da maƙwabciya ta ɗumama, ta jawo kujera. "Kuma ka buɗe kunnenka da kyau, tsoho. In ka ture kwanon nan, iska na kwantawa zan koma. In sun yi yamma zan hau mota in bi su, in ɗauki wani jirgin in sake tashinsu. Duk ranar da ka ƙi ci sai na hana su ci. Zan yi ta yi har su bar mana ƙasar nan."

Ya kalle ta kamar yau ya fara ganinta. Ya nemi alamar wasa a fuskarta bai samu ba, don babu. Ta kai cokalin bakinsa ta tsaya. A waje iskar arewa ta iso, tana buga kwanon rufi.

Nicanor ya kau da idonsa zuwa bango, ya buɗe baki. Bai sake kallonta ba har ya shanye kunun duka. Ta goge masa haɓa da gefen zanenta, ta tashi ta je ta ɗora romon kifi.